Gashin Katin Hoto

A'a, dakata. Kai ba ka gama ba, amma ni na gama saurare. Sauke kwaɗon nan tukuna, sai kaɗa min shi kake yi a fuska kamar mai tallar ƙararrawa. Na ji abin da ka ce. Za ka kulle kicin, ka ba matarka makulli, ni kuma a riƙa miƙo min shayi a kofin roba kamar wadda aka kwantar a asibiti. Wai na fara ruɗewa. Wai tsufa ya taɓa min kai, tunda har na saka kayan kwamfuta a obin na ja kujera na zauna ina gadi.

To, na saka. Ban ce ban saka ba. Abin da har yanzu ba ka tambaya ba shi ne ko ya gasu.

Zauna. Ba kan wannan kujerar ba, ƙafarta ɗaya ta gaji.

'Yarka, Takwarata, ta fi shekara tana tara ɗan abin da take samu na koya wa yaran maƙwabta lissafi, don ta haɗa kwamfutar wasan tseren mota. Ka sani? Ina za ka sani. In ta zo maka da zancen ka ce ta je wurin uwarta, uwarta ta ce ta zo wurinka. Ni kaɗai ce ba ni da wanda zan tura ta wurinsa, tunda nawa mijin ya riga mu gidan gaskiya. To ni na sha karatun. Kullum bayan ta dawo sai ta baje takarda a kan gadona tana nuna min da biro, ni da ban san ko a juye takardar take ba.

Ashe kwamfuta, in aljihunka ba shi da ƙiba, ba a sayenta ɗungurungum. Gunduwa-gunduwa ake saye. Akwai ƙwaƙwalwa, ɗan abu kamar biskit ɗaya. Akwai wani faranti da ake dasa komai a kansa, wai shi ne uwa. Akwai wasu 'yan sanduna biyu da take ce wa ram. Akwai tukunyar wuta mai raba wa kowa lantarki, da igiyoyi kamar hanjin rago. Kuma wai ba kowace ƙwaƙwalwa ce take yarda ta zauna da kowace uwa ba, in ka haɗa waɗanda jininsu bai haɗu ba, gidan gaba ɗaya ba zai tashi ba. Na ce mata wannan ba sai an yi min bayani ba.

Da farko ta zaɓi wani akwati mai gilashi da fitilu ja da shuɗi suna zagaye.

Na ce, "Takwara, fitilun nan suna ƙara wa motar gudu?"

Ta ce, "A'a, Kaka, kyau ne kawai."

"Su wa za su ga kyan? Ƙarƙashin tebur za ki ajiye shi. Kyankyasai?"

Ta soke shi tana hura hanci. Daga baya ta samo wani tsohon akwatin ofis mai launin toka, da tambarin kofin shayin wani bawan Allah a samansa. Shi ne yanzu a ɗakinta, bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba.

Komai ya samu sai abu ɗaya, katin hoto. Shi ne mai zana motar da titin da bishiyoyin, kuma shi ne mai cinye kuɗin. Sabo kam ko a mafarki. Sai na hannu. Ranar da za ta je kasuwar 'yan kwamfuta na ɗauki sandata na ce mu je. Ba don na san kati ba. Don na san fuskar Takwara ne. Yarinyar nan in tana son abu, goshinta yana faɗa tun daga bakin ƙofa, irin fuskar da ɗan kasuwa ke roƙon Allah ya kawo masa da safe.

Bene ne hawa uku, shaguna a jere kamar gidan ashana, kowanne da fanka ɗaya tana juya zafi. Muka shiga wurin wani siriri mai tabarau. Ya ba ni kujera, ya kira ni Mama, ya zaro katin daga leda mai ƙyalli da hannu biyu kamar zai miƙo jariri. Abu ne kamar tafin takalminka, da fanka biyu a jikinsa.

Ya ce, "Wannan, ƙanwata, kamar sabo ne. Wani likita ne ya yi amfani da shi, shi ma bai taɓa wasa da shi ba, wasiƙa kawai yake bugawa."

Ya jona shi, hoto ya fito tar. Takwara har ta fara buɗe jaka. Ni kuma hancina ya ce min wani abu.

Kai ka san shekara talatin da ɗaya na yi a bakin tanderun gidan burodi. Da wannan tanderun na saya maka takalmin makaranta, da shi na saya maka wandon da ka fasa a gwiwa a ranar farko. Gashin hannuna bai sake fitowa ba har yau. Duk abin da ya taɓa shiga wuta ya fito, ko an wanke shi da turare, zan sani.

Na ce, "Miƙo nan, ɗana."

Ya miƙo yana murmushi yana kallon Takwara, irin na a bar tsohuwa ta yi wasa. Na kai shi hanci. Na juya. Na sake shaƙa ta gefen da ake cusawa.

Na ce, "An gasa wannan."

Ya ce, "Na'am?"

"An gasa shi. Kuma wanda ya gasa shi bai iya gashi ba. Wuta ta yi yawa ta baya, gefen nan ya sha, wannan gefen bai ji komai ba. Ba a juya tiren ba."

Ya yi dariya, ya ce, "Haba Mama, kwamfuta ce fa, ba waina... ba burodi ba ce."

Na ce, "Kuma kafin a saka shi an gasa kifi a obin ɗin. Da tafarnuwa. Ka gaya wa matarka ta riƙa goge tire."

Sai ya daina dariya. Ya cire tabarau ya goge da riga. Ya leƙa waje, ya ja labulen shagon rabi. Ya ce, a hankali, "Ba matata ba ce. Yayata ce."

Nan ya zauna ya faɗi gaskiya. Wai katin nan in ya tsufa, dalmar da ta riƙe masa ƙwaƙwalwa tana tsattsagewa, sai ya fara zubo layuka kala-kala a allo, ko ya mutu gaba ɗaya. To in aka kwance shi aka saka a obin na ɗan lokaci, dalmar ta narke ta sake kamawa, sai ya farfaɗo. Wata ɗaya, wata biyu, in an yi sa'a ya fi haka. Kafin ya sake sumewa dai mai saye ya yi nisa.

Takwara ta rufe jakarta ta rungume ta a ƙirji. Ta ce, "Likitan fa?"

Ya ce, "Akwai likita a unguwarmu dai."

Ka san kasuwa ba ta da bango. Kafin mu kai shago na uku labari ya riga mu. Wani mai gemu da ya saya wa kansa kati a hawa na biyu ya biyo mu a guje, ya ce, "Mama, don Allah shaƙa min wannan." Na shaƙa. Gasasshe. Ya juya ya hau bene yana naɗe hannun riga. Wata mata mai goyo ta kawo na mijinta. Gasasshe, sau biyu ma, kuma na biyun da na'urar busar da gashi aka yi, don har da ƙanshin man kitso. Kafin ka ce me, layi ya kai bakin matakala. Aka kawo min benci. Wani ya sayo min lemo mai sanyi, na ce ya mayar, sanyi yana toshe min hanci. Wani kuma ya miƙo min wayarsa, na ce wannan ba a gasa ta ba, a masai ta faɗa. Bai yi musu ba.

Masu shaguna kuwa sai ji kake ƙarar ƙofa. Wannan ya tafi cin abinci, wancan an kira shi makarantar yara. Wani ya hango mu ya tura kwalin katunansa ƙarƙashin tebur ya zauna a kai yana duba waya.

Mun zagaye hawa ukun nan, gwiwata tana zagina. Duk katin da kuɗin Takwara suka kai, gasasshe ne. Duk wanda bai ga wuta ba, kuɗinta ko rabinsa ba su kai ba. Ta zauna a kan matakala ta dafe kai. Ba ta yi kuka ba, ta gado ni, amma na ga takardar nan tata ta shekara guda ta dunƙule ta a hannu.

Na ce, "Tashi mu koma wurin mai tabarau."

Yana ganinmu ya ɗaga hannu biyu. "Mama, na tuba. Kin kashe min kasuwar yau, ki bar min ta gobe."

Na ce, "Ba faɗa na zo ba. Kana da ɗanye?"

"Ɗanye?"

"Wanda ya sume, amma ba ku kai shi gidan yayarka ba tukuna."

Ya kalle ni, ya kalli Takwara. Ya jawo wani kwali daga bayan kanta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da hanci. Na huɗu ƙura ce kawai a jikinsa da warin ɗakin gwauro. Takwara ta duba lambar da ke jikinsa, idonta ya yi waje. Ta raɗa min cewa wannan ya fi wanda ta rubuta a takarda nesa ba kusa ba, irin wanda ko tsayawa kallonsa ba ta yi. Na taka mata ƙafa don ta gyara goshinta.

Aka jona shi. Allo ya cika da layuka kore da ja kamar zanen atamfa.

Ta ce, "Kaka, matacce ne fa."

Na ce, "Duk abin da za ki iya saye a ginin nan matacce ne da aka tasa. Tunda dole sai an gasa, gara mu gasa da kanmu. Ni ban taɓa sayen burodin wani ba alhali ina da gari."

Ya ba mu shi a kuɗin da ko shi kansa ya ji kunya. Da ragowar Takwara ta sayi tukunyar wuta sabuwa fil, mai kyau, don ta ce nan ne ba a yin rowa, in ta yi gardama sai ta tafi da kowa. Ka ga 'yarka tana da hankali. Ban san inda ta samo shi ba, wataƙila tsallake ɗaya ya yi.

Washegari da hantsi matarka ta tafi aiki, kai kana can wurin taronku na mako guda. Takwara ta kwance katin da sukundireba, ta cire fankokin da duk wani abu na roba, ta goge wani toka-tokan man da ke kan ƙwaƙwalwarsa. Ya rage ɗan faranti tsirara. Muka dunƙule takardar nan mai ƙyalli ta naɗe abinci guda huɗu muka yi masa ƙafafu don kada ya taɓa tire. Na buɗe tagogi duka. Na kori kyanwa.

Mai tabarau ya rubuta mata lambar zafin wuta da mintoci a bayan rasit. Na ce ta ajiye, da wannan lambar ya ƙona na likita. Obin ɗin matarka ƙarya yake yi. Na daɗe da sani, ban dai faɗa ba don zaman lafiya. Ta baya yana da zafin rai, ta gaba malalaci ne. Na barbaɗa gari a tire na tura, na jira ya koma launin shayi da madara, na sa bayan hannuna a baki na ji. Sannan na saka katin a tsakiya, can inda wutar ba ta da ra'ayi.

Na ja kujera na zauna. Na gaya wa Takwara kada ta yi tafiya da ƙarfi, kada ta rufe ƙofa da ƙarfi, kada ta yi atishawa. Dalma in ta narke, ƙaramar girgiza sai komai ya zame, kamar dai kek yana tsakiyar tashi. Da farko warin ƙura. Sannan wani ɗaci-ɗaci. Ina jiran lokacin da ɗacin zai kwanta ya koma kamar ƙarfen guga da aka manta a kan zani. Takwara tana ta kallon agogon waya tana cewa, "Kaka, lokaci ya yi, Kaka, ya wuce." Na ce agogon bai taɓa gasa komai ba.

Daidai nan matarka ta shigo. Ta manta katin shaidarta na wurin aiki.

Ta tsaya a bakin kicin ta shaƙi iska. Ta ce, "Mama, me ke ƙonewa?"

Na ce, "Ba abin da ke ƙonewa. Kada ki taka da ƙarfi."

Ta duƙa ta leƙa ta gilashin. Ta daɗe a duƙe. Ta ɗago ta ce, da wata murya mai laushi da ban taɓa jin ta da ita ba, "Mama, me kike dafa mana?"

Na ce, "Katin hoto."

"Za mu ci ne?"

"Ke dai matsa, kina tare min wari."

Ta kai hannu za ta buɗe, na ɗora sandata a kan murfin. Ban doke ta ba, ko me aka gaya maka. Ɗorawa na yi. Sai ta ja da baya a hankali tana murmushi, ta ce, "To Mama, to, yi abinki," ta fita tsakar gida, na ji tana cewa a waya, "Ka dawo. Mama ta fara." Takwara ta bi ta tana bayani, amma ka san bayani daga bakin mai shekara goma sha tara, wadda aka kama tana taya kakarta gasa kwamfuta, ba ya shiga kunne.

Ni ban tashi ba. Warin ya juya, na kashe wuta. Na sa muciya na ɗan buɗe murfin kamar yatsa biyu, na bar shi ya huce a ciki, a hankali, ba a fito da shi iska ta buge shi ba. Nan ne su mai tabarau suke kuskure, gaggawa. Sai bayan azahar na yarda aka taɓa shi.

Takwara ta shafa masa sabon mai, ta mayar da fankoki, ta cusa shi a jikin uwar. Ta danna makunni. Fankoki suka juya. Allo ya yi baƙi, ya daɗe a baƙi, har na fara tsara abin da zan ce. Sai ga mota ja a kan titi, ruwan sama yana sauka a gilashinta, ɗigo-ɗigo, har kana ganin fitilun gari a cikin kowane ɗigo. Babu layi ko ɗaya. Yarinyar nan ta yi wata ƙara, ta rungume ni har haƙorin robana ya motsa. Kwana shida ke nan tana tuƙi, jiya ta zo ta biyu a cikin mutum ashirin, wai wanda ya zo na ɗaya ma a wata ƙasa yake.

Ka leƙa ɗakinta tun da ka dawo? Ba ka leƙa ba. Shagon kwaɗo ka fara zuwa.

Eh, na san zancen kek ɗin da matarka ta gasa a obin ɗin washegari. Ba sai ka tuna min ba, ni ma na ci. Ɗanɗanon bayan rediyo ya yi, ban musa ba, kuma ni na fara cewa a zubar. Kwana biyu na yi ina goge obin ɗin nan da lemon tsami da soda, na kunna shi babu komai har sau uku. Takwara ta ce wai hayaƙin dalma ba shi da kyau a wurin abinci, na ce na ji, ba zan ƙara a wannan ba. Wanda ya ruɗe yana cewa ya ji? Kai da ka tafi aiki da rimot a aljihu maimakon waya, muka yini muna kallon tasha ɗaya mai tallar katifa, wa ya sayo maka kwaɗo?

Me ka ce? Ɗaga murya, kunnena ne ya tsufa, ba kaina ba.

Don lafiyata. To, madalla. Ka riga ka yanke, ba ka canza magana, kai ne mai gida. Na ji. Kulle. Ga ƙofar can, ka sa shi ta sama inda hannuna ba zai kai ba.

Dama ina neman yadda zan gaya maka. Shekaranjiya mai tabarau ya zo har gidan nan da kwalin lemo. Shi da maƙwabtansa shida sun haɗa kuɗi sun sayi obin na musamman, sun ajiye a bakin matakalar ƙasa, inda kowa ke wucewa. Sun sa kujera mai hannu da fanka. Suna so in riƙa zuwa kullum daga safe zuwa azahar, in shaƙa, in gasa, kuma duk katin da ya fito daga hannuna a faɗa wa mai saye gaskiya a liƙa masa takarda cewa gashin Mama ne. Har allo za su rubuta da hotona. Na ce musu a'a, ina da kicin a gidan ɗana, ba na aikin waje.

Yanzu kuwa tunda ba ni da shi, gobe sai in fara. Kuma ka san su wa suka fi cika benen nan? 'Yan makarantar da kake shugabanta. Na gane rigarsu, rabin layina su ne. Yara masu ladabi, sai sun durƙusa suke miƙo kati, kuma akwai su da tambaya. In suka ce, Mama, me ya fito da ke kasuwa da waɗannan shekarun, ni ba zan yi musu ƙarya ba. Zan ce shugabanku ne ya ce a gida ba ni da hankali.

Ƙarfe nawa kake fita da safe? Sai ka rage min hanya.